Wai me ɗan kemikal injiniyarin yake yi ne? Daga tukunyar biki zuwa buhun yuriya

Makon jiya muka je Argungu gaishe da Baba, ni da ɗan yayana da ya samu adimishan a ABU Zariya zai karanta kemikal injiniyarin, wato injiniyancin sinadarai in za a Hausantar da shi. Baba yana kishingiɗe a zaure, da ya ji sunan kwas ɗin sai ya ce, "To madalla, Allah shi yi albarka. Kenan in ya ƙare kemis za shi buɗewa?" Wani maƙwabcinmu da ke zaune a gefe ya karɓe, "A'a Alhaji, su na masu haɗa maganin feshi." Yaron ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa, ni kuma na buɗe baki zan gyara musu sai na ga ashe abin ba ya faɗuwa a jimla ɗaya, don ko cikin 'yan boko da yawa ɗauka suke kemistiri ne kawai aka ƙara masa suna don ya yi nauyi.

Hanya mafi sauƙi da na samu ta bayani ita ce ta madafa. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwon biki ta san wadda ta iya tuwon mutum biyar ba lallai ta iya na mutum ɗari biyu ba. Gari ɗaya ne, ruwa ɗaya, itace ɗaya, amma a babbar tukunya gindi yana kamawa alhali tsakiya bai ji wuta ba, muciyar gida ba ta kaiwa ƙasa sai an nemo doguwa, in aka zuba gari a talge yadda aka saba yi a ƙaramar tukunya sai gudaji, kuma in an sauke sai ya daɗe bai huce ba. Akwai lissafi a ƙarƙashin wannan. In ka ninka faɗin tukunya da zurfinta sau 2, abin da take ɗauka ya ninku sau 8, amma jikinta da wuta ke taɓawa sau 4 kawai ya ninku. Kenan duk sanda abu ya ƙara girma, hanyar da zafi zai shiga ko ya fita tana ƙara yin kaɗan in an gwada da yawan abin da ke ciki. A tuwo iyakarta ƙauri da gulmar dangin miji. Amma akwai sinadaran da in an haɗa su da kansu suke haifar da zafi, a ƙaramar kwalbar gwaji zafin yana fita ba wanda ya lura, in ka zuba irin wannan haɗin a tankin da ya kai ɗaki girma zafin ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa yana ƙara wa haɗin sauri har tanki ya yi bindiga. Mai kemistiri shi ke gano cewa kaza da kaza suna ba da kaza. Injiniyan sinadarai shi ake kira a ce to yi mana tan dubu kullum, da arha, kuma kada kowa ya mutu.

Asalin sana'ar daga wani abu ne mai kama da kanwarmu. Turawa suna buƙatar soda don yin sabulu da gilashi da wanke zaren saƙa, kuma da can daga tokar itace da ta ciyawar teku suke samunta, kamar dai yadda iyayenmu ke tace ruwan toka su yi sabulun salo. Da masaƙu suka yawaita toka ta kasa. A 1791 wani likita Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya yi rajistar hanyar fitar da soda daga gishirin miya: a dafa gishiri da asid irin na ruwan batir, sannan a gasa abin da ya fito da dutsen farar ƙasa da kwal. Shi kansa bai ci moriyar abin ba, juyin juya halin Faransa ya ƙwace masana'antarsa, ya talauce har ya kashe kansa a 1806. Ingila ce ta ɗauki hanyar ta cika gefen Libaful da irin waɗannan masana'antu, kuma hayaƙin asid da suke fitarwa ya riƙa ƙone gonaki da itatuwa, ga tulin shara mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da manyan masu filaye suka yi ta ƙorafi sai majalisa ta yi doka a 1863 cewa dole a kama kashi 95 cikin 100 na wannan hayaƙi, aka naɗa sufetoci masu zagayawa suna dubawa. A daidai wannan lokaci kuma Ernest Solvay a Beljiyam ya fito da wata hanyar da ta fi tsafta da arha, wadda a hankali ta kashe ta Leblanc.

Cikin sufetocin nan akwai wani George Davis, kuma a ganina shi ne mutumin da ya fi cancanta a tuna a wannan tarihi, ba don ya ƙirƙiro wani inji ba sai don abin da idonsa ya gani. Aikinsa ya ba shi damar shiga masana'antu iri-iri a zamanin da kowane mai kamfani ke ɓoye sirrinsa kamar mai maganin gargajiya, sai ya lura ashe duk sirrin nan abu ɗaya suke ta maimaitawa. Mai sabulu yana dumamawa yana tacewa yana busarwa, mai asid ma haka, mai rini ma haka. A 1887 ya gabatar da laccoci 12 a makarantar fasaha ta Manchesta a kan haka, a 1901 ya fitar da littafin jagora na farko a fannin. Amurka ta fi saurin kamawa, jami'ar MIT ta buɗe kwas ɗin digiri a 1888, ƙungiyar injiniyoyin fannin ta Amurka ta kafu a 1908, ta Ingila sai 1922. Jamusawa kuwa da suka fi kowa ƙarfi a sinadarai a lokacin sun daɗe ba su yarda da wannan sabon mutum ba, su a wurinsu a haɗa mai kemistiri da injiniyan ƙarfe a ɗaki ɗaya su yi ta fama ya wadatar.

A 1915 Arthur D. Little ya ba wa tunanin Davis tsari sosai a wani rahoto da ya rubuta wa MIT. Ya ce kowace masana'anta komai rikitarwarta jerin ƙananan ayyuka ce guda-guda, kamar tubala, in ka fahimci kowane tubali za ka iya gina kowace iri. Ku ɗauki gumin shinkafa da matanmu ke yi a bayan gida: a jiƙa shanshera, a turara ta a rabin duro, a shanya a tabarma ko a bakin kwalta, a kai injin casa, a sheƙe buntu, a tsince tsakuwa. Jiƙawa, turarawa, busarwa, niƙa, rabewa. Mai ƙuli-ƙuli ma suya take yi da niƙa da matsa har mai ya fito. Waɗannan su ne dai tubalan, bambancin kawai ita goggo da hannu da ido take aunawa, ta ciji ƙwaya ta san ta bushe ko da saura, shi kuma injiniya so yake ya sa wa kowane mataki lamba, zafi nawa, minti nawa, laima kashi nawa, yadda ko goggo ba ta nan abin zai fito iri ɗaya yau da gobe. Kafin wannan tunani ɗalibi sana'a-sana'a yake koya, wannan shekara suga, waccan sabulu. Bayansa ne ya zama mutum ɗaya zai iya aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, gobe ya koma matatar mai, jibi kamfanin shinkafa na Labana a Birnin Kebbi ko na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, don duk tubalan iri ɗaya ne.

Amma labarin da ya fi shafarmu kai tsaye shi ne na taki, kuma nan zan ɗan tsaya. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, abincin da shinkafa da masara suka fi nema kenan, sai dai a yadda take a iska tsiro ba ya iya cinta, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A ƙarni na 19 Turai har jiragen ruwa take turawa Feru su kwaso kashin tsuntsayen teku, da Chile su haƙo wani gishirin ƙasa, duk don takin gona, kuma kowa ya san wata rana zai ƙare. A 1909 Fritz Haber a Jamus ya nuna za a iya tilasta wa naitirojin ta haɗu da haidirojin su ba da amoniya, sinadarin da ake yin taki da shi. Na'urarsa a kan tebur take, amoniyar tana fitowa ɗigo-ɗigo, kuma sai da ya yi amfani da wani ƙarfe mai suna osmiyam wanda da ƙyar ake samunsa a duniya don ya zuga haɗin. Kamfanin BASF ya miƙa wa Carl Bosch aikin mai da ɗigon nan ya zama tan-tan.

Dubi abin da ya tarar. Haɗin yana son zafi wajen digiri 500 da matsin da ya kai ninki 200 na iskar waje, ka tuna tayar motar da mai faci ke buga wa iska ba ta wuce ninki 2 zuwa 3 ba. Tankunan farko da ya gina kwana kaɗan suka yi suka tsage. Da ya yanka ƙarfen ya duba sai ya ga ashe haidirojin ce ke kutsawa cikin jikin ƙarfen tana cinye kabon ɗin da ke ba shi ƙwari, ƙarfe ya koma kamar busasshen ƙuli. Dabarar da ya yi ita ce ya sa tukunya cikin tukunya, ta ciki da ƙarfe mai laushi wanda ba shi da kabon sosai balle a cinye, ta waje da ƙarfe mai ƙarfi da zai riƙe matsin, sannan ya huda ta wajen da ƙananan ramuka don ɗan abin da ya tsallako ya fice kafin ya yi ɓarna. Abokin aikinsa Alwin Mittasch kuma ya yi gwaji dubbai har ya samu haɗin baƙin ƙarfe mai arha da ya maye gurbin osmiyam. A 1913 masana'antar amoniya ta garin Oppau a Jamus ta fara aiki. Babu wani sabon kemistiri a duk abin da Bosch ya yi fa, na Haber ne dai, amma ba don shi ba da abin ya tsaya a kan tebur. Haber ya samu kyautar Nobel ta 1918, Bosch ta 1931. Kuma kada a wanke su tas, amoniyar nan ita ta ba Jamus albarushi ta ja yaƙin duniya na farko, Haber ɗin kuma shi ya jagoranci sakin iskar guba a fagen yaƙi a 1915.

Yau in manomi a fadamar Argungu ko Suru ya ɗauko buhun yuriya, wannan lamba 46 da ke jikin buhun tana nufin kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, wato a buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 na abin da aka kamo daga iska da dabarar mutanen nan biyu. Haidirojin ɗin daga iskar gas ake ciro ta, shi ya sa masana'antun yuriya namu suke can inda gas yake, Indorama a Eleme, na Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a 2022 mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, kuma shi ya sa in gas ya yi tsada a duniya sai ka ji kuɗin buhu ya tashi a kasuwar Jega alhali ba abin da ya haɗa mu da rigimar. Masana sun ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya abincinsu ya dogara ne da wannan taki.

Maganin penisilin ma haka ya bi. Wani masani, Alexander Fleming, ya gano shi a 1928, amma har 1941 a Okusfod cikin ƙananan kwanoni ake renon funfunar da ke ba da shi, ɗan sandan da aka fara gwada wa ya fara samun sauƙi maganin ya ƙare, har daga fitsarinsa suka riƙa tace shi suna mayar masa, ƙarshe dai ya rasu. Funfunar tana son iska, shi ya sa a saman ruwa kawai take girma. Injiniyoyi a Amurka, cikinsu har da mace, Margaret Hutchinson Rousseau, su suka gano yadda za a rene ta cikin zurfafan tankuna ana hura mata tsabtatacciyar iska ana juyawa ana sanyayawa ana kashe kumfa, zuwa tsakiyar 1944 an tanadi allura sama da miliyan 2 don sojoji. Mai daddawa da ke rufe kalwa ta kwana uku ƙananan halittu su yi mata aiki, dangin wannan sana'ar take yi.

Harkar man fetur tana cikin masu ɗaukar waɗannan injiniyoyi da yawa, ba zan ja ta ba don an fi saninta. Ɗanyen mai ana dafa shi ne a doguwar hasumiya kowane kaso ya fita a hawansa, iskar gas a sama, fetur, kananzir, gas ɗin manyan motoci, kwalta a ƙasa, daga baya aka koyi farfasa mai nauyin ya koma fetur. Mu ma mun gina namu, Fatakwal a 1965, Warri a 1978, Kaduna a 1980, Fatakwal ta biyu a 1989, jimla ganga 445,000 a rana a takarda. Kowa ya san yadda suka kwanta shekara da shekaru. Ni dai ban yarda matsalar rashin masu ilimin ba ce, 'yan ƙasar nan suna aiki a irin waɗannan matatu a ƙasashen waje. Irin wannan masana'anta ba a kunna ta da safe a kashe da yamma kamar injin markaɗe, so take ta yi ta gudu dare da rana, a tsayar da ita a kan lokaci a yi mata gyaran gaba ɗaya, in ana ɗage gyaran ana cin kuɗinsa tsatsa ba ta jiran kowa.

Wani ɓangare babba na karatun yaron nan kuwa daga gawarwaki aka koyo shi. Oppau ɗin nan ta fashe a 1921 mutum sama da 500 suka mutu, saboda taki ya dunƙule a rumbu ana fasa shi da nakiya. A Bhopal ta Indiya a Disambar 1984 ruwa ya shiga tankin wani sinadarin haɗa maganin ƙwari a kamfanin Union Carbide, haɗin ya ɗauki zafi irin wanda na faɗa a maganar tukunya, iskar guba ta lulluɓe unguwannin talakawa cikin dare, dubbai suka mutu. Daga irin waɗannan ne aka mai da tambayar "in wannan ya lalace me zai faru" ta zama darasi mai zaman kansa.

Mu ba sai mun je Indiya ba. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare da Bagega, yara aƙalla 400 suka mutu da gubar dalma. In ka kalli abin da idon wannan sana'a, masana'antar sinadarai ce sukutum aka kafa a tsakar gida ba tare da wanda ya tsara ta ba. Ana fasa dutsen zinariya da guduma, a niƙa shi a bushe da irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a kama zinariyar da zaiba, a ƙona zaibar ta tashi. Fasa, niƙa, wankewa, rabewa, tubalan Davis ne cif. Abin da ba wanda ya tambaya shi ne sauran abin da ke cikin dutsen ina yake zuwa. Dutsen wurin cike yake da dalma, niƙan busasshe ya mai da ita ƙura, ƙura ta sauka a ƙasar da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ba da maganin da ke janyo dalma daga jini, an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, Bagega sai 2013 aka samu yi mata. Amma gyaran asali ba na asibiti ba ne, na tsarin aikin ne: a fitar da niƙan daga cikin gari, a niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, a ƙona zaiba a rufaffen mazubi da zai kama tururinta, mai aiki ya wanke jiki ya canza kaya kafin ya shiga gida. Ba wani abu mai tsada a ciki in an gwada da kabari 400.

Darasin farko da za a koya wa ɗan yayan nawa a fannin shi ne wannan tambayar da ba a yi ba a Dareta: duk abin da ya shiga dole ya fita ta wani wuri, nemo shi. Na gwada masa da shanshera muna dawowa a mota. Kilo 100 in ta shiga injin casa, wajen kilo 20 buntu ne, kusan 10 dusa, abin da ya rage tsaba ce da gutsattsari. Manyan kamfanoni suna ƙona buntun su samu tururin da suke gumi da shi, a ƙasashe irin su Indiya ana tatsar man girki daga dusar, tokar buntun kuma cike take da silika har ana haɗa ta da siminti. Muna wucewa ta bayan wasu ƙananan injinan casa a bakin hanya ga tulin buntu nan ya fi mutum tsayi, an cinna masa wuta yana ci a hankali, hayaƙi ya rufe titi har direba ya kunna fitila da rana tsaka. Yaron ya leƙa ta taga ya ce, "Baffa, wannan zai kai tan nawa?" Na ce masa ya riƙe tambayar ya kai wa malamansa a Zariya.